Dabaibayin Waya

Jiya ina zaune a nan bencin mai cajin waya na bakin tashar Gumel, na ji wani a cikinku yana cewa wai aikin canjoba ba aiki ba ne. Wai ƙarfe ne kawai, an ɗauke wuta ka ja ƙasa, an kawo ka tura sama, ko akuya aka koya wa za ta yi. Kuka bushe da dariya, ni ma na taya ku. To yau ku matso, tunda wayoyinku duk suna jikin caji, ba inda za ku. Ba wa'azi zan yi muku ba, ban girme ku da wani abin kirki ba. Na dai riga ku ganin wasu abubuwa.

Sunana Sabi'u, amma in ba ku ce Sabi'u Canjoba ba, ba wanda zai nuna muku gidanmu. A ƙaramar sakandare na tsaya. Ba korata aka yi ba, ba kuma ƙwaƙwalwa ce babu ba, zaman ne ba na iyawa. Malami na rubutu a allo, ni ƙafata na rawa a ƙarƙashin benci. Na yi acaɓa tsakanin Gumel da Sule Tankarkar, na yi dako a Maigatari ranar kasuwa, na yi yankan riɗi a gonakin Gagarawa, na sayar da fetur a kwalba. Ba sana'ar da ta ga damina biyu a hannuna. Innarmu har ta daina tambayata me nake yi, sai dai in na fito ta ce, "Yau kuma ina aka dosa?"

A kan babur na haɗu da Oga Buba. Na ɗauko shi daga Sule Tankarkar, tsani a kafaɗa, jakar buhu cike da ƙarafa a cinya. Bafulatani ne dogo siriri, a ruga ya tashi yana bin shanu kafin ya shigo gari ya koyi wayarin. Ina ta sheƙa gudu a cikin yashi, tsanin na dukan ƙeyata, har muka iso. Ya sauka ya dube ni ya ce, "Kai ɗan samari, wa ke bin ka?" Na ce ba kowa. Ya ce, "To tunda ba kowa, zo ka riƙe min tsani." Na riƙe. Da ya sauko ya ce, "In kana neman aikin da ba zai bar ka ka yi gyangyaɗi ba, ga shi nan. Ranar da hankalinka ya tafi yawo, shi da kansa zai kira maka shi."

Na daɗe ba abin da nake yi sai riƙon tsani da feƙe waya. Kayan aikin Oga Buba ba su da yawa: filaya mai baƙin hannu da ya naɗe da salatif, sukundireba babba da ƙarama, wuƙar feƙe waya, guduma da ƙusar fasa bango, sai tasta, wannan 'yar sukundireba mai ƙwai a ciki da ke kawo ja in akwai wuta. Ita tastar ma ba ya yarda da ita. Kafin ya gwada wayar da zai taɓa, sai ya fara kai ta inda ya tabbata akwai wuta, ko jikin injin janareta ne, ya ga ta kawo ja tukuna. Yana cewa matacciyar tasta kullum "babu" take ce maka. Kuma duk gidan da muka shiga, abu na farko ya zare fiyus daga katawut, wato inda wutar gari ke shigowa, ya jefa a aljihun gaban rigarsa. Ba ya ajiye shi a kan taga, ba ya ba ni riƙo. Wani mai gida ya taɓa ce masa, "Malam Buba, ai ba wanda zai mayar." Ya ce, "Na sani, Alhaji. Amma in yana aljihuna na fi sani."

Canjoba ta farko da na ɗaura da hannuna, a wani ɗan asibitin kuɗi ne a nan Gumel, mai ɗakuna kaɗan. Nan na gane ƙarfen da kuke rainawa shi ne ƙarshen aikin, ba farkonsa ba. Canjoba gida uku gare ta: sama wutar gari, ƙasa inji, tsakiya ba kowa. Amfaninta ɗaya, kada wutar gari da ta inji su taɓa haɗuwa a waya guda. Amma kafin ka kai ga ita sai ka raba gidan. Injinsu ƙarami ne, ba zai ɗauki komai da komai ba. Muka wuni muna bin waya ɗaya bayan ɗaya a cikin silin, jemagu na tashi a kanmu, muna ware layin fitilu daga layin soket. Ɗakin haihuwa, ɗakin allura, baranda, banɗaki, su ne a kan inji, da firjin magani shi kaɗai. Sauran duk su jira wutar gari. Oga ya kira ma'aikaciyar jinyar wurin ya koya mata da kansa: an ɗauke wuta, ki kawo ƙarfen tsakiya. Ki tada inji, ki bar shi ya daidaita murya. Sannan ki ja ƙasa. An dawo da wuta, ki koma tsakiya, ki ɗan dakata, ki tura sama, sannan ki kashe inji. Ta ce, "Baba, wannan tsayawar ta tsakiya fa, dole ce?" Ya ce, "'Yata, ko ɗakin surukarki za ki shiga, ai kya tsaya a bakin ƙofa ki yi sallama."

Masu gida kuwa, sai wanda ya gani. Akwai wata Hajiya a Gagarawa Tasha da muka yi wa rabon layi tsaf, fitilu da fanka a kan inji. Sati bai zagayo ba ta aiko wai aikinmu bai yi ba, inji na tari yana mutuwa. Na je ni kaɗai. Na ce, "Hajiya, me aka jona?" Ta ce, "Wallahi ɗan nan ba komai, ƙwai ne kawai." Ina ɗaga kai na ga an zare ƙwan falo, an saƙala wata waya a mazauninsa, ta biyo bango ta shige bayan labule. Na ɗaga labulen, ga dutsen guga, har yanzu da zafinsa. Ta ce, "Au, wannan? Ai shi ba ya shan wuta, ɗan kallabi kawai na goge." Wani kuma zai ce ka haɗa masa har da hitar ruwa, in ka ƙi ya ce ba ka iya ba ne. Wani ya kira ka da tsakar rana wai canjoba ta lalace, ka je ka tarar man inji ne ya ƙare. Duk ka haɗiye, ka gyara, ka yi musu bayani kamar yau ka fara.

Amma abin da ya fi ba ni haushi a wajen Oga Buba shi ne dabaibayi. Haka yake kiransa. In za mu yi aiki a kan wayar da ta ratsa fili daga gini zuwa gini, bayan ya zare fiyus, bayan ya gwada da tasta, sai ya ciro wata guntuwar jar waya mai kauri daga jaka, ya ɗaure wayoyin biyu wuri guda, mai wuta da maras wuta, ya murɗe tamau, ya sauko da jelar ya ɗaura a ƙarfen da ya kafa a ƙasa. Ma'anarsa, ko da wuta ta shigo daga inda ba a zata ba, a nan za ta ci tuntuɓe, ba za ta ƙaraso hannunka ba. Kuma gaba da baya yake yi, yana aiki a tsakiya. Ni kuwa gani nake ɓata lokaci ne. Sauran masu wayarin har tsokanarsa suke, "Buba, yau wace saniyar za a tatsa?" Ya yi murmushi ya ci gaba da murɗa wayarsa.

Sai ga shekarar da taransifomar wani ɓangare na Maigatari ta ƙone, aka ɗauki dogon lokaci ba a kawo wata ba, mu ma nan Gumel wutar ta koma sai an ga dama. Za ku ce ai lokacin ne kasuwarmu za ta buɗe. Ina! Mutum ya ce maka canjoba tsakanin me da me, alhali ɗaya ɓangaren babu? Sai kowa ya koma wa mai kai biyu. Kun san ta, waya ce da fulogi a kowane bakinta, ɗaya a inji, ɗaya a soket ɗin bango, gida duk ya haska. Arha, ba ruwanka da mai wayarin. Abin da ba su sani ba, wutar ba ta tsayawa a gidan. Duk wayar da ta fita daga gidan nan, bin ta take yi har inda ta ƙare. Oga Buba ya ƙi haɗa wa kowa ita, ko an roƙe shi. Aiki ya tsaya cak. Sauran yaran da ke koyon aiki a shagonsa suka watse, shi ya koma gyaran fanka da tocila, da damina ya tafi ƙauye noman gero. Ni ma na je na duba tsohon babur ɗina har sau biyu. Abin da ya riƙe ni, ban sani ba. Wataƙila dai shi ne aiki na farko da ban ƙure shi ba.

A ƙarshen daminar nan aka kira mu wani garejin manyan motoci a Maigatari. Fili ne babba, masaukin direbobi a gaba, can ƙurya sito da ɗan masallaci. Mai wurin, Alhaji Idi, ya gaji da duhu ya sayo babban inji mai shan gas, yana son canjoba, yana kuma son a haɗa wayar da ke kai wuta sito da masallaci, wadda iska ta tsinka a kan falwayar ƙarfe da ke tsakiyar filin. Ranar Laraba ce, gobe kasuwa, motoci na ta shigowa. Alhaji ya ce, "Malam Buba, ni dai kafin isha'i in ga haske ko'ina."

Siton wani ɗan kasuwar Damagaram ne ke haya, ba ya nan, ya bar maigadinsa, wani dattijo mai fara'a da ake kira Baba Mahamman, shi ma mutumin can. Kun san su da nasu kalmomin. Wutar lantarki kuran suke ce mata, janareta kuma gurup. Oga ya tura ni in tambaye shi. Na je na durƙusa na gaishe shi a kan tabarmarsa, na ce, "Baba, akwai wuta a siton nan?" Ya ce, "Kuran? Ɗana, rabonmu da kuran tun bara." Na ce, "Inji fa?" Ya ce, "Ba mu da gurup. Ka ji ƙararsa?" Ban ji ba kuwa. Na leƙa ta ƙofa, buhuna ne har sama, da duhu.

Muka gama canjoba bayan la'asar. Fiyus na aljihun Oga, makullin inji ma na aljihunsa. Saura haɗin falwaya. Ya gwada tasta a bakin wayar da ta fito daga sito, shiru. Ya ɗaure ɓangaren masauki da kansa, ya miƙo min ɗaya jar wayar ya ce in hau falwayar kusa da sito in yi wa wancan ɓangaren dabaibayi. Na dubi rana, ta yi ƙasa. Na ce, "Oga, can fa jela ce, ƙarshen layi. Ba kuran, ba gurup, tasta ta ce babu. Me zai fito daga jela?" Ya ce, "Sabi'u, ka taɓa tatsar saniya?" Na ce na dai gani. Ya ce, "Wace ƙafa ake ɗaurewa?" Na ce ta baya. Ya ce, "To hau." Na hau ina ƙunƙuni, na murɗe ta tamau yadda yake so, na ɗaura jelar a ƙarfe, na dawo.

Oga ya hau falwayar tsakiya. An yi ruwa da safe, ƙasa a jiƙe, falwayar ƙarfe ce, ya zagaya hannu ɗaya ya rungume ta, ya cire safar hannu don murɗin ƙarshe ba ya yiwuwa da ita. Ni ina ƙasa riƙe da tsani. Dokarsa ta farko tun ranar da muka haɗu, in yana sama ba a sakin tsani, ko kunama ce ta hau ƙafarka.

Sai Baba Mahamman ya tashi daga tabarma, ya ɗauki butarsa, ya wuce ta gabana yana cewa, "Bari in kunna fano kafin a kira salla." Ni famfo na ji. Mutum da buta a hannu, magariba ta kawo kai, me zai kunna in ba famfo ba? Har na ce, "Baba, a tara min ni ma." Ya waiwayo ya dube ni, ya yi dariya, ya ce, "Kai 'yan Najeriya da ba'a," ya nufi sito.

Ina tsaye ina kallon bayansa, sai ga mai ruwa ya turo kurarsa ta ƙofar gareji, jarkoki fal, ya nufi randar masallaci. A nan kaina ya buga. Wurin da ake sayen ruwa a jarka, famfon me za a kunna? Kuma me zai kai famfo cikin siton buhuna? Na tuna direbobin ƙetare a wajen masu caji, faifan sola ne suke kira fano.

Na ɗaga kai na kwarara ihu, "Oga, saki waya!" A daidai lokacin wata tirela na ja da baya tana zuga mai, ko ni ban ji muryata ba. Oga ya ba ni baya, hannunsa tsirara a kan waya. Na saki tsani. Na zura da gudu cikin taɓo, takalmi ɗaya ya tsaya a baya, ina kiran "Baba! Baba, tsaya!" Na faɗa cikin siton, na kewaye buhuna. Ga shi can a lungu, ga batura a ƙasa, ga akwatin inbata mai mayar da wutar batir ta gida, ga mai kai biyu ta fito daga jikinsa ta shige soket ɗin bango. Yatsansa na kan makunni. Ban kai ba. Ya danna.

Na ji tas! kamar an fasa kwalba. Akwatin ya yi wani tsuwa ya mutu, warin ƙonanniyar roba ya tashi. Baba ya ja da baya yana salati. Ni ban tsaya ba, na juyo waje.

Oga Buba na nan a sama. Ya rungume falwaya da hannu biyu, tsanin ya ɗan goce, yana kallon falwayar kusa da sito inda wani siririn hayaƙi ke tashi daga ƙullin da na yi. Na iso na kama tsanin. Ya leƙo ƙasa ya dube ni, ya dubi ƙafata maras takalmi, ya ce, "Wa ya ce ka saki tsani?"

Da ya sauko ya ce abin da ya ji bai wuce cizon cinnaka a yatsa ba. Baba Mahamman ya iso, hawaye a gemu, yana cewa, "Wallahi Malam, kuran yaron ya tambaye ni, gurup ya tambaye ni. Fano ai rana ce, ban san ta shiga lissafinku ba." Faifan ashe a kwance yake a bayan rufin, ba a hango shi daga ƙasa, kuma sai magariba Baba yake kunna akwatin don ƙwayayen sito. Tun da iska ta tsinka wayar nan, kullum da yamma bakinta da wuta yake kwana a sama, ba wanda ya sani. Oga ya kama hannun dattijon ya ce, "Baba, gaskiya ka faɗa. Mu ne ba mu iya tambaya ba. Zo mu yi alwala." Bayan salla ya shiga siton, ya zare mai kai biyu, ya sa filaya ya daddatsa ta gunduwa-gunduwa a gaban kowa. Muka ƙarasa haɗin da tocila a baki. Ana kiran isha'i Alhaji Idi ya ja ƙarfen ƙasa, fili duk ya haska har masallaci, direbobi suka ɗau sowa. Mai siton da ya dawo ya yi faɗan akwatinsa da ya ƙone, ya yi ya gaji, daga baya shi da kansa ya kira mu muka sa masa tasa canjobar.

Yanzu Oga Buba ya fi zama a Sule Tankarkar wajen shanunsa, gwiwa ta hana shi hawa. Jakar ta dawo hannuna. In na shiga wuri ba na cewa "akwai wuta?" in tsaya. Sai na jero su duka: wutar gari, kuran, inji, gurup, sola, fano, batir, inbata, har wayar da aka jawo daga maƙwabta ta kan katanga. In sun ce babu, in ce a buɗe min kowane ɗaki in gani da idona. In na gani babu, in zare fiyus in sa a aljihu. Sannan in yi dabaibayi, gaba da baya. Yanzu ni ake tsokana da tatsar saniya, ina kuwa amsawa.

Ga jar wayar da na ɗaura ranar nan, kullum tana cikin jaka. Ku karɓa ku zagaya da ita, ba ta cizo. Kun ga inda jan ya koma baƙi ya dunƙule kamar ƙwallon dabino? Nan wutar ta tsaya. Ba don wannan ƙullin ba, a hannun Oga Buba za ta tsaya, yana rungume da ƙarfe a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Kai mai akuya, kai ne ka riƙe ta fiye da kowa. Ja ƙasa da tura sama kam na yarda, akuyarka za ta iya. Ka dai tambayo min ita ko ta san fano.